Darasi na Bakwai: Injin Kwashe Dusar Ƙanƙara Ya Tashi Amma Ya Ƙi Tafiya

Wannan darasi na 'yan'uwa ne da zama ya kai su ƙasashen sanyi, irin su Kanada da jihohin arewacin Amurka kamar Minesota da Wiskonsin. A can, tsakanin Disamba da Maris, mutum kan wayi gari ya tarar dusar ƙanƙara ta toshe ƙofar gareji. A birnin Miniyapolis doka ta ba mai gida awa 24 bayan tsayawar dusar ya share hanyar masu tafiya a ƙasa da ke gaban gidansa. Shi ya sa injin kwashe dusa ya zama abin buƙata. Wani ɗan Kanada mai suna Arthur Sicard ne ya ƙera babbansa na kan mota a 1925, a yankin Montiriyal. Namu na yau ƙarami ne, ana bin sa a baya ana riƙe da hannuwansa.

Matsalar da za mu duba ita ce wannan: injin ya tashi, yana ƙara lafiya lau, murɗaɗɗen ƙarfen gabansa yana juyawa, amma tayoyi sun ƙi motsi. Mutane da yawa a nan suke cewa giya ta mutu, su ɗauki injin su kai wa makanike. Sau tari kuwa laifin ƙarami ne, kuma da sifana biyu da tsumma za ku gyara shi da kanku.

Kafin ku taɓa komai

Ku kashe injin, ku zare makulli, sannan ku cire wayar fulogi. Kada ku tsallake wannan na ƙarshen. Injin da wayar fulogi ke jikinsa yana iya tashi in an juya shi da hannu. Kada kuma ku bar shi yana aiki cikin gareji a rufe don gudun sanyi, hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari amma tana kisa. In dusa ta toshe bututun da ke watsa ta, ku yi amfani da sandar da aka haɗo injin da ita. Hannu ba ya shiga wurin, ko da injin a kashe yake, domin fankar ciki kan zabura da zarar an saki abin da ya riƙe ta. Yatsu da yawa sun tafi ta wannan hanya.

Yadda ƙarfi ke isa tayoyi

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban injin markaɗe ya riga ya san rabin karatun. Inji yana juya fuli, fuli yana jan bel, bel yana juya wani abu. A nan abin da bel ke juyawa faranti ne na ƙarfe, mai sulɓi, da ke cikin akwatin ƙasa tsakanin tayoyi. A gaban farantin akwai wata 'yar ƙaramar taya mai bakin roba. Idan kuka danne hannun tafiya, kebul yana ja, farantin da robar su haɗu, robar ta fara juyawa. Ita kuma tana kan wata sandar ƙarfe mai kusurwa shida, daga nan sarƙa ko haƙoran giya su kai juyin ga sandar da tayoyi ke kanta.

To ina giyar take? Babu wata giya irin ta mota. Sandar canza gudu tana matsar da 'yar tayar ne kawai a kan farantin. In tana kusa da tsakiya, tafiya a hankali. In ta matsa baki, gudu ya ƙaru. In ta tsallake tsakiya zuwa ɗaya ɓangaren, injin ya koma ribas. Yawancin injinan Ariens da Toro da MTD haka suke, galibi da gudu shida na gaba da biyu na baya. Manyan injinan Honda suna tafiya ne da matsin mai, wannan darasi bai shafe su ba.

Ku karanta jerin nan da ƙarfi sau biyu: hannu, kebul, bel, faranti, roba, sanda, taya. Laifin yana ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan.

Ku fara daga waje

Ku duba tayoyi tukuna. A injina da yawa kowace taya tana da ƙusa mai zobe da ke ɗaure ta da sanda. Sandar na da huda biyu a wasu injinan, ɗaya na ɗaure taya, ɗaya na barin ta ta yi ta juyawa ita kaɗai don sauƙin turawa. In ƙusar ta faɗi ko an sa ta a hudar waje, sanda za ta juya, taya na tsaye. Haka ma in injin yana karkata gefe ɗaya, ku auna iskar tayoyin biyu, sanyi yana rage iska.

Sai kebul. Ku danne hannun tafiya ku ji. In ya tafi sakwa-sakwa babu nauyi, kebul ya saki ko ya tsinke, ko kuma sifirin ɗinsa ya fita. Akwai wurin ɗaure shi, ko dai noti a tsakiyar kebul ɗin ko wani ɗan ƙarfe a ƙasan injin. Ku ɗaure kaɗan kaɗan har lanƙwasar ta fita, amma kada ya yi tsam kamar tsirkiya. In kuka wuce gona da iri, injin zai riƙa rarrafe ko ba ku danne hannu ba, wannan kuwa haɗari ne, kuma yana cinye roba.

Daga nan ku kwance murfin roba da ke tsakanin inji da bututu. Za ku ga bel iri biyu. Na gaba shi ke juya ƙarfen kwasar dusa, na baya, wanda ya fi kusa da inji, shi ne na tafiya. In ya tsinke, ko ya sauka daga fuli, ko gefensa ya yi ƙyalli ya tsattsage, a canza shi. Ku ɗauki hoton yadda yake a waya kafin ku cire. Ku kwafi lambar injin daga takardar da ke manne a bayansa ku sayi bel ɗin da aka yi dominsa. Bel ɗin da ya ɗan fi tsawo yana shiga, amma santsi zai yi ta yi.

Wani kuskure da sababbi ke yi: su ji ana maganar ƙusoshin da ke karyewa da gangan in ƙarfen gaba ya ci karo da dutse, sai su canza su. Waɗannan na kwasar dusa ne, ba ruwansu da tayoyi.

Cikin akwatin ƙasa

In duk na waje lafiya suke, sai a shiga ciki. Ku tsiyaye fetur ko ku bari tanki ya kusa ƙarewa. Ku nemi wanda zai kama muku, ku ɗaga injin ya tsaya a kan bakinsa na gaba, hannuwansa sama. Ku kwance murfin ƙasa.

Nan ne ya kamata ku tsaya ku duba da kyau, domin a ganina yawancin ciwon nan yake kwana. Ku shafa farantin da yatsa. In kun ji maiƙo, kun sami ɓarawon. Ɗigon baƙin mai ko giris kaɗan ya isa ya sa robar ta yi ta sulɓi ba ta kama ba. Ku goge farantin da bakin robar da tsumma mai tsabta da ruwan wanke birki ko sifirit, har tsumma ya daina fitowa da baƙi. Ruwa ma yana sa robar sulɓi kamar mai. Dusa kan narke a jikin inji mai zafi ta gangara ciki, sai injin ya yi tafiya minti goma ya tsaya, gobe kuma ya yi kamar ba shi ba. In haka kuke gani, ku duba ko murfin bel ya fashe ko bai zauna daidai ba.

Sai ita kanta robar. In ta tsattsage, ko ta guntule, ko ta cinye har ƙarfe ya kusa fitowa, kwananta ya ƙare. Kada ku ja lokaci, domin ƙarfe in ya hau faranti zai ƙarce shi, kuɗin gyara ya ninka. A wasu injinan zoben robar kaɗai ake canzawa, a wasu duk 'yar tayar. Ku jera notina bi da bi yadda kuka cire su. Abin da ke saurin kashe robar nan shi ne canza gudu alhali hannun tafiya na danne. Ku saki hannu, ku canza, sannan ku sake dannewa.

In sandar canza gudu ta yi tauri, ko ribas ya ɓace, ku dubi sandar nan mai kusurwa shida. Tsatsa ko ƙanƙara kan hana 'yar tayar zamewa. Ku rufe faranti da tsumma, ku goge sandar, ku shafa mata mai ɗan kaɗan da yatsa. Kada ku fesa. Feshi zai sauka kan faranti, ku dawo inda kuka fito. In kun girgiza sanda kun ji tana wasa, boris ne ya ci. In haƙoran giya sun karye ko sarƙa ta tsinke, wannan kam ku kai wa makanike, babu kunya.

Bayan kun rufe, ku mayar da wayar fulogi, ku fita waje ku gwada kowane gudu, gaba da baya. Duk ranar da kuka gama share dusa, ku bar injin ya yi aiki 'yan mintoci don ruwan ciki ya bushe. In sanyi ya wuce, ku cire tayoyi ku shafa wa sandarsu giris, in ba haka ba tsatsa za ta manne su.

Aikin wannan mako

Ku je gaban injinku ku kwafi lambarsa a littafinku, harafi da adadi, ba tare da kuskure ba. A ƙarƙashinta ku rubuta sassa bakwai ɗin da ƙarfi ke bi, daga hannu zuwa taya. Sannan ku amsa da jimla ɗaya: injin yana rarrafe alhali ba a danne hannu ba, me za ku fara dubawa?