Tabilet goma, yara sittin: yadda ake tafiyar da darasi a lakwal

Ranar da tabilet ta shiga aji, hayaniya kan mutu, ido duka ya koma kan gilashi. Kada wannan shirun ya ruɗe ka, malam. A ƙasar Peru an raba wa yaran firamare dubban ɗaruruwan kwamfutoci, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga ci gaba a lissafi ko karatu ba. Na'ura ta iya kama hankalin yaro, saura kuma aikinka ne.

Tun daren jiya ka tsai da abu ɗaya tak da za a koya: haɗa baƙi da wasali ga ƴan CP (aji biyu), ko ɗebewa da aro ga ƴan CE1 (aji uku). Ka sauke darasin tun da wuri, ka cire sim, ka kashe intanet. Manhajar koyarwa ta Kolibri kyauta ce, kuma tana aiki ba intanet. A saitin tsaro na Android akwai inda ake kafe manhaja ɗaya a fuskar na'ura. In ba ka kafe ba, kafin ka juya baya an buɗe kamara ana ɗaukar hoton gwalo.

Raba ajin kashi uku, ashirin-ashirin. Kashi na farko kan tabilet, yara biyu ga kowace ɗaya. Na biyu yana gabanka a babban allo. Na uku yana rubutu a ƙananan alluna, da wani yaro mai hankali yana lura. Bayan minti 15 a yi musanya, cikin minti 45 kowa ya zaga. In aka wuce haka, ƙananan yara sun fara latse-latsen banza.

Zaman biyu-biyun nan ne wurin da aiki ya fi lalacewa. Mai ƙarfin hali yakan rungume na'ura, ɗan'uwansa, sau da yawa ƙarami ko yarinya mai kunya, ya zama ɗan kallo. Don haka a raba aiki: ɗaya ya faɗi amsa da baki, ɗaya ya taɓa, bayan tambaya biyar su sauya. Akwai kuma cutar canki-canki. Yaro ya gane cewa in ya taɓa amsoshi huɗu ɗaya bayan ɗaya, dole alamar kore ta fito, na'ura ta yi masa tafi. Za ka gan shi da maki cikakke alhali bai san 13 a ɗebe 7 ba. Maganinta alli: sai an rubuta amsa a allo kafin yatsa ya taɓa gilashi, kai kuma kana wucewa kana leƙa allunan.

Batun wuta, kada ka dogara ga kuran na kamfanin lantarki NIGELEC kaɗai. Batirin tabilet ɗaya yana ɗaukar wajen wat-awa 25, goma ke nan 250. Farantin sola mai wat 100 yana ba da wajen wat-awa 400 a ranar da gari ya yi garau, to ya isa, in an haɗa shi da batir mai bolt 12 da na'urar daidaita caji. Da hunturu ƙura kan rufe farantin, a share shi kowace safiya da tsumma mai laushi.

Zafin Damagaram ya fi ƙura ɓarna. A watannin Afrilu da Mayu ana haura digiri 40, ƙarƙashin kwano kuwa abin ya fi haka, alhali yawancin waɗannan na'urori an yi su ne don aiki ƙasa da 35. Saboda haka darasin tabilet na safe ne. Kada a jibga su kan juna lokacin caji, kada a kulle su cikin akwatin ƙarfe suna caji. Wadda bayanta ya kumbura a janye ta nan take, batirin na iya kamawa da wuta. Ramin caji in ya cika da rairayi, tsinken sakace ake sa masa a hankali, ban da allura. A ajin rumfa, a zaunar da yara inda hasken rana ba ya faɗa wa gilashin.

Don sanin ko ana samun riba, kafin a fara ka ba da tambaya goma a allo, ba na'ura, ka rubuta makin kowa a kaye. Bayan sati huɗu ka maimaita irinsu. A karatu kuwa, yaro ya karanta na minti ɗaya, ka ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai. In maki bai motsa ba, rage lokacin tabilet, ka ƙara na babban allo.

Kowace na'ura a rubuta mata lamba a baya, direkta ya riƙe rajistar fita da shiga. Kwamitin kula da lakwal kuma ya ware ɗan kuɗin igiyoyin caji tun watan Oktoba, don su ne ke fara mutuwa.