Yadda za ka kalli zanen Adamu da Hauwa'u na tsoffin masu zanen Italiya

In kana so ka gane irin zanen nan na coci da 'yan Italiya suka yi kafin shekarar 1500, fara karanta surori uku na farkon Littafin Farawa (littafi na farko a Baibul), ba su da tsawo kuma daga can aka ɗebo labarin kaf, halitta da gonar Aidan da maciji da kora. In ba haka ba za ka ga mutum biyu tsirara kawai ka wuce.

Daga nan ka nemo zanen korarsu da mai zane Masaccio ya yi wajajen 1425 a bangon wani ɗakin ibada da ke cikin cocin Santa Maria del Carmine a birnin Fulorans, ka samu hoto mai kyau ka yi zumin sosai. Kalli hannuwa tukuna. Adamu ya rufe fuska da hannu biyu don kunya, ita kuwa Hauwa'u jiki take rufewa, baki buɗe tana kuka, mala'ika a sama da takobi yana nuna musu hanya. Sai ka duba ƙasa ka ga inuwarsu ta koma baya wajen ƙofar da suka fito, saboda ya zana hasken daidai da tagar ɗakin ibadar ta gaske, ni dai a nan nake ganin gwanintarsa. Bangon da ke fuskantarsa akwai na wani mai zanen, Masolino, da ke nuna su kafin kora, su biyu tsaye shiru abinsu ga maciji mai kan mutum, kwatanta su ka ga bambanci. Af, in ka ci karo da hoto mai ganye a jikinsu tsoho ne, daga baya aka ƙara ganyen, an cire shi a gyaran shekarun 1980.

Wani abin kuma, kar ka ɗauka zane ɗaya lokaci ɗaya ne. Giovanni di Paolo na Siena a 1445 ya haɗa halittar duniya da korar a ƙaramin allo guda, duniya a tsakiyar da'irorin sama, koguna huɗu na gonar a ƙasa.

Kuma ka riƙa leƙa gefen hagu ko da batun daban ne. A zanen Fra Angelico da ke gidan tarihin Prado a Madrid, Jibrilu na yi wa Maryamu bishara amma can gefe ga Adamu da Hauwa'u suna fita, don a wajen Kiristoci abin da ya lalace ta Hauwa'u ta hanyar Maryamu aka fara gyara shi.