Kurakuran da ɗalibai ke maimaitawa wajen raɗa wa amiba suna

Duk shekara sai wani ɗalibi ya kawo min hoton amiba (ƙanƙanuwar halitta mai ƙwayar halitta ɗaya da ake gani da madubin ƙara girma) daga ruwan kududdufi, ya riga ya rubuta mata cikakken suna har da na jinsi. In tambaye shi yadda ya gane, sai ya ce ai ƙwansonta ya duba. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Mu fara da ƙwanson, wato rigar da amiba irin su Acanthamoeba ke shiga idan abinci ya ƙare ko wuri ya bushe. A 1977 masana Pussard da Pons sun kasa Acanthamoeba gida uku bisa girman ƙwanso da siffarsa. Aikin yana da amfani, amma iyakarsa ya kai ka ƙofar gida, ba zai nuna maka ɗaki ba. Amiba ɗaya tana canza siffar ƙwanso idan ka canza gishirin abin da kake renonta a ciki. Yau da jerin harufan wani yankin DNA da ake kira 18S ake rarrabe su, ana kiran rukunan T1, T2, har sun haura ashirin, kuma sai bambanci ya kai kusan kashi 5 cikin ɗari ake cewa rukuni daban ne. T4 ne ya fi yawa, a ƙasa da kuma idanun masu ciwon da take haddasawa.

Kuskuren da ya ci min wata huɗu kuwa shi ne na zafi. Na ɗebo ruwa, na zuba a farantin agar (daskararren abin renon ƙwayoyi) da aka shafa wa bakteriyar E. coli don ta zama abincin amiba, na sa a zafin maki 45 na Salshiyas. Amiba ta yaɗu. Na jefa ta cikin tataccen ruwa, ta fito da bulala, wato ɗan zaren da take kaɗawa, tana iyo. Nan take na rubuta Naegleria fowleri, mai cin ƙwaƙwalwa, na fara ɗaga kafaɗa a ɗakin gwaji kamar wanda ya kashe zaki. Malamina ya kalli takardar, ya ce, "Yaro, ka taɓa jin lovaniensis?" Ban taɓa ji ba. Ƴar uwar fowleri ce ta kusa, tana jure zafin nan daidai wa daida, ba ta kuma cutar da mutum. Da aka karanta yankin DNA ɗinta da ake kira ITS, lovaniensis ce. Babi guda na yaga. To ku ji da kyau: jure zafi ba suna ba ne, bulala ma Naegleria kawai take nuna maka, a cikin jinsuna sama da arba'in. Wanda ya shelanta wa unguwa cewa akwai fowleri a ruwansu bisa wannan shaida, ya tayar da hankalin jama'a a banza.

Sai masu gaggawar cire DNA daga faranti na farko. Farantin farko kasuwa ce, kowa na ciki. Ka kai shi a karanta, sakamako ya dawo harufa na hawa kan juna, ka zo kana zargin na'ura. Ni sai na yanko gefen da amiba ta yi nisa, na dasa a sabon faranti sau uku, sannan na ɗauki ƙwanso ɗaya tak. Wasu na cewa sau biyu ya isa. Su suka sani.

Kuma don Allah a rufe faranti, musamman da hunturu. Tun wajen 1980 binciken Lawande ya nuna a Zariya cewa ƙurar hunturu na ɗauke da amiba. Ka bar murfi a buɗe kana hira, abin da ya tsiro na iska ne, ba na rijiyar da ka ɗebo ba.

Firaimomin JDP1 da JDP2, wato gajerun guntayen DNA da ake kwafo ɓangaren 18S da su, harufa wajen 450 zuwa 500 suke ba ka, alhali 18S ɗin Acanthamoeba ya kai kusan 2,300. Sun isa ka ce T4 ce, ba su isa ka yi iƙirarin gano sabon rukuni ba. Haka nan sunan da ya fito a saman jerin GenBank, rumbun jerin DNA na intanet, wanda ya ɗora ne ya rubuta shi, ƙila ma ɗalibi ne mai gaggawa irinka. Da yawa daga waɗanda aka rubuta wa Acanthamoeba castellanii da Acanthamoeba polyphaga a can duk T4 ne. Rubuta Acanthamoeba T4 ka tsaya.

Amibar da ake kira Hartmannella vermiformis sunanta ya koma Vermamoeba vermiformis tun 2011, a gyara. Kada a haɗa Naegleria da Acanthamoeba a bishiyar dangantaka ɗaya kamar ƴan ɗaki ɗaya, tafiyarsu ce kawai ta yi kama. Amibar Balamuthia kuma ba ta tsirowa a farantin E. coli, don haka rashin ganinta a can bai ba ka damar rubuta cewa babu ita a ƙasar da ka ɗebo ba.