Yadda za a gwada rashin iyaka da almakashi da takarda

Kayan aiki: takardar A4 ɗaya, almakashi mai kaifi, rula, salatif da kalkuleta. A yanko siririn yanki ta tsawon takardar, wato milimita 297.

A raba yankin biyu daidai. A manna rabi ɗaya a kan tebur da salatif, don iska na kwashe ƙananan guntaye, sannan a sake raba wanda ke hannu. Kowane sabon guntu a jera shi a bakin na baya. Za a samu 148.5, sai 74.25, sai kusan 37. A yanka na 8 abin da ya rage bai fi milimita 1.2 ba, almakashi ya fara tauna takardar maimakon yankanta.

Daga nan kalkuleta ce za ta karɓa. A yanka na 10 saura milimita 0.29. A na 30 saura kusan nanomita 0.28 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), girman ƙwayar zarra ke nan, kuma tun kafin nan abin ya daina amsa sunan takarda. Wajen yanka na 114 an kai tsawon Planck, mita 1.6 × 10⁻³⁵, inda ƙa'idojin kimiyyar yanzu ba sa iya bayani.

A lissafi kuwa babu yanka na ƙarshe. Rabi da kwata da rabin kwata, haka har abada, jimlarsu 1 ce cif. Shi ya sa layin da ke kan tebur yake ta matsowa kusa da 297 amma ba ya wuce ta. Wannan ce matsalar da masanin falsafa Zeno na Elea ya ɗaure wa Girkawa kai da ita ƙarni 5 kafin haihuwar Annabi Isa.

Kuskure biyu ake yawan yi. Ƙaramar kalkuleta mai gurbi 8 za ta nuna sifili bayan rabi 30 da 'yan kai. Gurbinta ne ya ƙare, lambar ba ta ƙare ba. Na biyu ya fi haɗari: a ce gwajin ya tabbatar babu rashin iyaka a zahiri. Iyakar takarda kawai ya nuna. Ba a tabbatar sarari kansa yana gutsurewa a tsawon Planck ba. Ta ɓangaren girma ma haka ne: faɗin sararin samaniyar da ake iya hangowa ya kai kimanin shekarun haske biliyan 93 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke tafiya cikin shekara ɗaya), kuma awo bai gano lanƙwasa a cikinsa ba, abin da ya dace da sarari mara iyaka, ya kuma dace da mai iyaka wanda ya fi ƙarfin awonmu.