Kurakuran da muke tafkawa kan kolestrol da toshewar jijiyoyin jini

Jama'a, yawancinmu da an ce kolestrol sai mu hango bututun ruwa da maiƙo ya daskare a ciki. Babban kuskuren kenan, kuma shi ke haifo sauran. Kitsen nan ba a hanyar jini yake taruwa ba fa, cikin bangon jijiyar yake kutsawa. LDL, wato ƙwayar da ke dakon kolestrol a jini, idan ta yi yawa sai ta ratsa siririyar fatar da ta lulluɓe cikin jijiya ta maƙale a ƙarƙashi, a can take lalacewa ta canza kama, jiki kuma ya ɗauke ta abokiyar gaba. Nan take fatar jijiyar za ta fara kiran fararen ƙwayoyin jini da ake kira monosait, su manne, su shige, su rikiɗe su koma makrofej masu haɗiye datti. Matsalar dai haɗiyar nan ba ta da birki, suna ci suna ci har su kumbura, in ka duba a madubin lab sai ka gansu dam da ɗigo-ɗigon kitse, shi ya sa ake ce musu ƙwayoyin kumfa. Wani kolestrol ɗin ma daskarewa yake a cikinsu ya yi tsini, ya tayar da wata na'urar ƙararrawa mai suna NLRP3, su saki sinadarin intalukin-1 wanda ke ƙara kiran wasu sojojin. Masu mutuwa su mutu a wurin, tarin ya ƙara girma. To ka ga ashe ciwo ne, wato kumburi, ke ruruwa a bango shekara da shekaru.

Daga nan sai kuskuren "ai ba na jin komai". Wallahi ba sai jijiya ta kusa rufewa ake samun bugun zuciya ba, sau da yawa tarin da bai ma matse hanya sosai ba shi ke fashewa, saboda makrofej ɗin nan suna fitar da sinadaran da ke cinye murfin da ya rufe shi, ya yi siriri ya tsage, jini ya gudaje a kai cikin ɗan lokaci. Gyaran kawai a je a auna jini tun ana lafiya ƙalau.

Masu cewa "ni siriri ne, me ya haɗa ni da kitse" kuwa, ku yi haƙuri. Jiki ne da kansa, musamman hanta, ke haɗa mafi yawan kolestrol ɗinsa, kuma kusan mutum 1 cikin 250 da gadon hawan LDL aka haife shi. Akwai ma Lp(a), wata ƙwaya mai kama da LDL, ita gado ce kusan zalla, motsa jiki ba ya wani taɓa ta, ana auna ta ko sau ɗaya ne a rayuwa musamman in akwai wanda ciwon zuciya ya kama da ƙuruciya a dangi.

HDL ma, wadda ake ce wa kolestrol mai kyau, ana zuzuta ta fiye da kima. An yi wani magani torcetrapib da ya ɗaga ta sosai, amma a 2006 aka tsayar da gwajin don mutuwa ta ƙaru a masu shansa. Kar yawan HDL ya sa ka kawar da kai daga LDL.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na 'yan soshiyal midiya masu cewa tunda kumburi ne matsalar to kolestrol ba shi da laifi. Kai! To wa ya kunna wutar? Tun 1913 Anichkov a Rasha ya ciyar da zomaye kolestrol jijiyoyinsu suka lalace. Eh gaskiya ne kumburin shi ma yana da nasa hannun, a gwajin CANTOS na 2017 an ba mutum kusan 10,000 da suka taɓa bugun zuciya ko dai allurar canakinumab mai toshe intalukin-1 ko ta bogi, LDL bai motsa ba amma haɗarin sake samun matsalar zuciya ya ragu da kamar kashi 15 cikin 100, sai dai an ƙara samun mutuwa ta kamuwa da ƙwayoyin cuta, kuma kusan dukkansu suna kan statin, maganin sauke kolestrol, dama. Ƙari ne aka yi, ba musanya ba. Kuma don Allah kar wani ya ji kumburi ya kama shan diclofenac ko ibuprofen kullum, waɗannan ƙara haɗarin zuciya ma suke yi. Maganin kumburi colchicine ɗan ƙarami na 0.5mg da Amurka ta amince da shi a 2023 shi ma sai likita ya duba ƙoda da sauran magungunan da kake sha.

Sai masu ajiye statin da zarar sakamako ya yi kyau. Maganin ne ya sauke lambar ai, ka daina ta koma inda take cikin 'yan makonni. In ciwon tsoka ne ya dame ka faɗa wa likita, ana rage awo ko a canza wani, akwai kuma ezetimibe, wani maganin sauke kolestrol da ake haɗawa. Taba sigari, hawan jini da ciwon suga kuwa su ke ƙara raunata fatar jijiyar, in ka je awon kolestrol ka ce a duba maka su gaba ɗaya.