Yadda Ake Shigar da Ruwan da Aka Karkatar Cikin Samfurin Kogi na Kwamfuta

Manhajojin kwaikwayon kogi irin su SWAT da HEC-HMS sun iya lissafin ruwan sama: nawa ya sauka, nawa ƙasa ta sha, nawa ya gangara kogi. Wanda mutane suka janye a hanya kuwa, ta kanal ko injin ban ruwa ko bututun gari, sai an gaya musu. Idan ka yi shiru, samfurin, wato kwaikwayon kogin da ka gina a manhajar, zai nuna ruwa fiye da abin da tashar awo, inda ake auna ruwan da ke wucewa a kogi, ta gani, kai kuma ka shiga murɗa alƙaluman ƙasa, wato lambobin da ke nuna yawan ruwan da ƙasa ke sha, har lissafi ya zauna. Zai zauna ɗin, amma ka ɗora wa ƙasa laifin shan ruwan da manoma suka kwashe.

Fara da taswira. Sa alama a duk inda ake janyo ruwa, ka ga ko yana sama da tashar awo ko ƙasa da ita. Wajen yanka yankin da ruwansa ke gangarowa kogin ƙanana-ƙanana a cikin manhaja, ka sa iyaka ta faɗa daidai bakin kanal ɗin, don a cire ruwan a inda ake cire shi a zahiri.

Sai batun adadi, kuma nan aikin yake. Kada ka ɗauki abin da ke takardar izini a matsayin abin da ake ɗiba. Izini iyaka ce kawai, wani bai kai ta ba, wani ya wuce. Idan akwai rajistar mai kula da ƙofar kanal ko awannin da inji ya yi yana aiki, su ne abin riƙo. In babu, ƙiyasta daga gona. Milimita 1 a kan hekta 1 kubik mita 10 ne. A ce hekta 100 ce, shuka na bukatar milimita 6 a rana: kubik mita 6,000 ke nan. Idan rabin ruwan na salwanta kafin ya kai saiwa, to 12,000 ake janyowa daga kogi.

Yanzu zaɓi hanyar shigarwa. A HEC-HMS akwai sashe na musamman na karkatar da ruwa: kana iya ba shi adadi ɗaya tsayayye, ko jerin adadi na kwana-kwana, ko jadawalin da ke cewa in kaza ya shigo kaza za a janye. Jadawalin ya fi dacewa da kanal maras ƙofa, wanda ke ƙaruwa in kogi ya cika. A SWAT kuwa, fayil ɗin .wus yana karɓar matsakaicin abin da ake ɗiba a rana, wata-wata, a ma'aunin kubik mita 10,000. Nan ake yawan zamewa. Kanal mai jan rabin kubik mita a daƙiƙa yana cin 43,200 a rana, saboda haka 4.32 za ka rubuta. Wanda ya rubuta 0.5 ya kusa barin kogin yadda yake.

Daga nan bi sawun ruwan. Wani shuka ta sha, wani ya ƙafe, wani ya tsiyaye ya koma kogi a can ƙasa bayan kwanaki ko makonni. Abin da aka cire ta .wus samfurin yana ɗaukarsa ya bar yankin ke nan, don haka mai komowa sai ka mayar da shi da kanka a matsayin ruwan da ke shigowa a wani wuri. A HEC-HMS kana iya haɗa bakin karkatarwar da mahaɗar da yake komawa.

Kafin ka taɓa alƙaluman ƙasa, kunna samfurin sau biyu, da karkatarwa da kuma babu ita. Bambancin ya kamata ya fito fili da rani, ya kusan ɓacewa a lokacin ambaliya. Duba kuma ranakun da bukata ta fi abin da ke cikin kogi, domin manhaja ba za ta cire ruwan da babu shi ba. Kwatanta abin da ka nema da abin da ta cire. In akwai tashar awo sama da duk inda ake janyo ruwa, fara daidaita samfurin da ita, sannan ka gangaro.