Yadda ake aikin tarbar baƙi a gidan abinci ba tare da ka rikita kicin ba

Duk sabon yaron da aka tsayar a bakin ƙofa, abu ɗaya manaja ke gaya masa: ka riƙa fara'a. Sai ya tsaya yana washe baki kamar gonar auduga, ciki kuwa ana ta cacar baki. Na yi shekaru ina riƙe da ƙofar wani gidan abinci a Nasarawa GRA ta Kano, ban taɓa ganin an sallami wani don ƙarancin murmushi ba. Rabon tebura ne ke cin mutane.

Ka iso rabin awa kafin a buɗe. Zagaya ka haddace lambar kowane tebur da yawan kujerunsa, ka san wanda sanyin esi ke duka, da wanda ke kusa da bayi, da mai ƙafa ɗaya tana rawa. Tambayi masu kai abinci wa ke riƙe da wane ɓangare yau, sannan ka leƙa kicin ka ji abin da babu. Takalmi kuwa shimfiɗaɗɗe za ka sa, ko na gwanjon Ƙofar Wambai ne, don tsayuwar awa takwas ba ta san tsadar takalmi ba.

Gaisuwa ba sai na koya wa Bahaushe ba. Ka dai riga baƙo magana, ko waya kake amsawa ka ɗaga kai: "Sannunku da zuwa, ranka ya daɗe, bismillah." Kada ka nuna ka gane kowa sai shi ya fara nunawa. Alhajin da ya zo jiya da wata, yau ya shigo da wata, ba ya buƙatar jin "yau ma an dawo".

Tambaya biyu ce: "Ku nawa ne?" da "Akwai masu tahowa?" Ta biyun ta fi muhimmanci. Mutanenmu sai su ce su uku ne, kafin a kawo ruwa aboki ya iso da ƙaninsa, direba ma ya shigo. Idan da mata da yara, ka fara nuna musu ɓangaren iyali. Dattijo kuma kada ka sa shi hawa bene.

To ga inda na sha ƙasa. Azumina na farko a aikin, saura kamar minti ashirin a kira magariba, iyalai uku suka shigo a jere. Na ga tebura uku a buɗe wajen taga, duk a gyare, na zuba su can ina jin na yi gwaninta. Ashe ukun duk na yaro ɗaya ne. Mutum kusan ashirin suka faɗo masa lokaci guda, abokan aikinsa biyu na tsaye suna kallo. Ya kwashi odar gaba ɗaya ya jibga wa kicin. Aka kira salla, wata Hajiya ko dabino babu a gabanta. Ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Yaro, Allah ya ba mu haƙuri," ta tattara 'ya'yanta suka fita. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Tun daga ranar nake riƙe 'yar takarda mai sunayen masu kai abinci, duk wanda na ba tebur sai in ja masa layi. Ana zagayawa ne: wannan, wancan, na ukun, a dawo. Ba na ba mutum ɗaya tebur biyu a jere sai an samu tazarar minti biyar aƙalla, kuma teburin mutum takwas biyu nake ƙirga shi. Ko wuri a buɗe yake, in na ji kicin ya cushe, gara in tsayar da baƙo minti uku a kujerar jira da ruwan sanyi a hannunsa. Wanda ke jira a ƙofa ya san jira yake yi, wanda ya zauna kuwa agogonsa ya fara bugawa. Wasu manajoji ba sa son ganin kujera a banza, za ku yi ta musu. Ka jure.

In wuri ya cika, kada bakinka ya saba da "yanzun nan". Dubi teburin da aka kai wa lissafi, ka kimanta, ka ƙara minti biyar a kai. Rubuta suna da lokacin isowa, don gardamar "mun riga su" ba ta ƙarewa sai da takarda. Wanda ya kira ya kama tebur, minti goma sha biyar nake ɗaga masa, kuma tun a waya nake faɗa. Masu jiran tekawe da 'yan babur masu ɗaukar saƙo ka ware musu gefe, kada su tare ƙofa.

Sauran masu sauƙi ne. Ka shiga gaba ka raka baƙo, ba nuni da yatsa ba, ka miƙa menu da hannun dama, ka faɗa masa sunan wanda zai kula da shi. In sun tashi, "Mun gode, a sauka lafiya," idonka kuma na kan teburin da suka bari, ka yafito mai gogewa kafin ka kira suna na gaba.